Zagaya magani a keɓantaccen huhu: tambayoyi da amsoshi kan gwajin da ake yi a jikin dabbobi

Idan ciwon daji ya tashi daga inda ya fara ya yaɗu, huhu na cikin wuraren da ya fi sauka. Fiye da shekara sittin ke nan likitocin fiɗa suna gwada wata dabara ta kai magani mai ƙarfi cikin huhu kaɗai, ba tare da ya ratsa sauran jiki ba. Mafi yawan abin da aka sani game da dabarar daga jikin ɓera da kare da alade aka same shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wai me ake nufi da keɓe huhu a zagaya masa magani?

Jini yana shiga kowane huhu ta babbar jijiya guda wadda ta taso daga ɓangaren dama na zuciya, ya ɗauki iskar oksijin, sannan ya koma ɓangaren hagu na zuciya ta jijiyoyin fita. Likita yakan buɗe ƙirji, ya matse jijiyar shiga da na fita ta gefen zuciya, ya zura siraran bututu a cikinsu ta gefen huhu, ya haɗa da famfo. Daga nan huhun ya zama kamar an cire shi daga zagayen jinin jiki, alhali yana nan a mazauninsa. Sai a zuba maganin ciwon daji a cikin ruwan da famfon ke turawa, ya yi ta ratsa huhun na wani lokaci, galibi kamar rabin awa a jikin mutum. Idan an gama, a wanke huhun da ruwa marar magani, a cire bututun, a ɗinke jijiyoyin, a saki jini ya dawo. Duk tsawon wannan lokaci ɗaya huhun ne ke riƙe da numfashi.

Me ya hana a yi allurar maganin a jijiya kawai kamar yadda aka saba?

Ana yi, kuma shi ne magani na yau da kullum. Matsalar ita ce maganin da aka sa a jijiyar hannu kowace gaɓa sai ta sha rabonta, kuma wata gaɓar takan gaza tun kafin ƙari, wato kumburin ciwon dajin da ke huhu, ya ji a jikinsa. Doksorubisin yana raunana tsokar zuciya, shi ya sa likitoci ke ƙayyade jimillar abin da mutum zai sha a rayuwarsa, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Sisfilatin yana taɓa ƙoda da ji. Melfalan yana danne ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Idan an keɓe huhu, ana iya ɗaga ƙarfin maganin a cikinsa ninki-ninki, zuciya da ƙoda da ɓargo kuma su ga ɗan kaɗan kawai. Wannan ɓangaren ba a jayayya a kansa: an auna shi a ɓera, an auna a kare da alade, an auna a mutum, kuma sakamakon iri ɗaya ne.

To ba a iya yanke ƙarin da tiyata?

Ana yankewa idan bai yi yawa ba kuma ciwon bai bazu wasu wuraren ba. Wani babban kundin ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 1997, wanda ya tattara bayanan majinyata 5,206, ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda aka cire musu ƙarin gaba ɗaya suna raye bayan shekara biyar. Sai dai ciwon yakan dawo, sau da yawa a cikin huhun da aka yi wa aikin. Dalili shi ne akwai ƙananan tsiro da na'urar hoto ba ta gani, yatsun likita ma ba sa ji. Waɗannan ɓoyayyun su ne ainihin abin da ake nema da zagaya magani: wuƙa ta ɗauke abin da ake gani, magani ya bi abin da ba a gani. Ciwon dajin ƙashi da na tsoka da makamantansu, wanda likitoci ke kira sakoma, da kuma na babban hanji, su ne aka fi gwada dabarar a kansu. Sakoma musamman, domin sau da yawa huhu ne kaɗai wurin da take yaɗuwa.

Yaushe aka fara, kuma da wace dabba?

Tunanin ya samo asali ne a Jami'ar Tulane da ke New Orleans a Amurka, inda Oscar Creech da Edward Krementz suka fara keɓe ƙafa ko hannu suna zagaya masa magani a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yake sabo. Ba a daɗe ba aka kai dabarar huhu. A 1960 Pierpont da Blades suka bayar da rahoton gwaji a karnuka. Kare ne dabbar likitocin fiɗa a wancan zamani, saboda jijiyoyinsa suna da girman da za a yi aiki a kansu da kayan aikin da ake yi wa mutum. A farkon shekarun 1980 Michael Johnston da abokan aikinsa suka koma kan karnukan da doksorubisin, suna neman iyakar abin da huhu zai iya ɗauka kafin ya cika da ruwa. Karnukan nan lafiyayyu ne, ba su da ƙari. Don haka sun amsa tambayar ko huhu zai jure, amma ba su ce komai ba a kan ko ciwon zai mutu.

Me ya sa ɓera ya zo ya mamaye fagen?

Saboda a ɓera ne ake iya dasa ciwon daji yadda ake so. Akwai zuriyoyin ɓerayen ɗakin gwaji da aka yi ta haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa har suka zama kusan iri ɗaya a gado, ta yadda ƙwayoyin ciwon da aka ɗauko daga ɗaya za su tsira a jikin ɗaya ba tare da garkuwar jiki ta ƙi su ba. A farkon shekarun 1990, a cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York, Benny Weksler da Michael Burt suka tsara yadda za a keɓe huhun hagu na ɓera a zagaya masa magani, ɓeran kuma ya farfaɗo ya ci gaba da rayuwa. Sun yi amfani da zuriyar Fischer 344 da wata sakoma da aka haifar da sinadari. Daga baya masu bincike a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Paul Van Schil da Jeroen Hendriks, suka ɗauki tsarin da zuriyar WAG/Rij da ƙwayoyin ciwon dajin hanji masu suna CC531, suka gwada melfalan da jemsitabin da wasu magungunan.

Halittar ɓeran ma ta taimaka. Huhunsa na dama kashi huɗu ne, na hagu kuwa dunƙule guda ne, jijiyoyinsa suna da sauƙin kamawa. Sannan ɓera ba shi da tsada, ana iya yin gwaji da yawa a raba su rukuni-rukuni.

Yaya ake gudanar da gwajin a jikin ɓera?

Da farko a yi wa ɓeran allurar ƙwayoyin ciwon daji a jijiya, miliyoyinsu a lokaci guda. Jini ya kwashe su zuwa zuciya, daga can zuwa huhu, inda suke maƙalewa a ƙananan jijiyoyi su fara tsiro a huhun biyu. Bayan kamar mako guda sai a sa ɓeran barci, a zura masa bututun numfashi, a buɗe ƙirjinsa ta hagu. Sauran aikin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake yin sa, domin jijiyar huhun ɓera siririya ce ƙwarai. A matse ta, a tsaga, a zura bututu, a ɗan tsaga jijiyar fita don ruwan ya samu mafita. A ɓera yawanci ba a mayar da ruwan ya sake zagayawa: ya shiga sau ɗaya, ya fita, a tsotse shi. Gudun ruwan wajen rabin mililita ne a minti, na tsawon mintuna kaɗan zuwa kusan rabin awa, sai wanki, sai ɗinki da zare da ido ba ya gani sosai.

Bayan mako biyu ko uku a kashe ɓeran ba tare da azaba ba, a ciro huhun a ƙirga tsiron. Wata tsohuwar dabara ita ce a ɗura baƙin tawada ta maƙogwaro: lafiyayyen huhu ya yi baƙi, ƙarin ya fito fari-fari, a ƙirga da ido. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne huhun dama, wanda ba a taɓa ba. Shi ne ma'auni a cikin dabba ɗaya. Idan na hagu ya fito tas, na dama kuma cike da ƙari, babu mai cewa ɓeran ne dama can bai kamu ba. Idan kuma ana so a san ko huhun da aka yi wa magani yana aiki, sai a cire na daman daga baya a ga ko ɓeran zai rayu da na hagu kaɗai.

Me aka samu?

Sakamako mai faranta rai. A gwajin New York, doksorubisin da aka zagaya ya share ƙarin daga huhun hagu a kusan dukkan ɓerayen, alhali allurar jijiya ba ta yi hakan ba, kuma abin da ya isa tsokar zuciya kaɗan ne. A Antwerp melfalan ya rage yawan tsiron sosai, kuma a gwajin da aka tsara ƙarin ya tsaya a huhu ɗaya, ɓerayen da aka zagaya wa maganin sun fi daɗewa a raye. Wannan ne ya ba likitoci ƙarfin gwiwar komawa kan mutane.

Me ya sa abin bai yi aiki a mutum kamar yadda ya yi a ɓera ba?

A nan gizo ke saƙar. Michael Burt ɗin da ya ga ƙari ya ɓace a ɓera, shi ne ya gwada doksorubisin a majinyata takwas masu sakomar da ba ta yankuwa, aka wallafa a 2000. Huhun mutum bai jure abin da ya wuce miligiram 40 a kan murabba'in mita ba, kuma babu wanda ƙarinsa ya ragu yadda za a ƙirga shi a nasara. Kafin nan, a 1996, Harvey Pass na Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa ta Amurka ya gwada sinadarin garkuwar jiki na TNF tare da ɗumama ruwan, 'yan kaɗan suka samu sauƙi na ɗan lokaci.

Dalilan a fili suke idan aka duba yadda aka gina gwajin ɓeran. Ƙarin ɓera kwanansa bakwai. Ƙanana ne, duk shekarunsu ɗaya, duk daga zuriyar ƙwaya ɗaya da aka raina a kwalba, kuma ba su taɓa haɗuwa da magani ba. Ƙarin majinyaci kuwa ya yi watanni ko shekaru, ya sha magunguna ya tsira, tsakiyarsa ba ta samun jini sosai, wani babba wani ƙarami. Bambancin kamar na ciyawar da ta ɓullo jiya ne da wadda ta shekara ta kafa saiwa: fartanya ɗaya ba za ta yi musu aiki ɗaya ba.

Akwai kuma maganar hanyar jini. Huhu yana da hanyar jini ta biyu, ƙananan jijiyoyin da suka taso daga babbar jijiyar jiki suna ciyar da bututun iska. Ciwon dajin da ya fara a huhu galibi daga waɗannan yake sha. Wanda ya yaɗo daga wani wuri ya fi dogara da jijiyar huhu, kuma a kan wannan aka gina dabarar tun farko, amma idan ƙari ya girma yakan jawo jini daga hanya ta biyun ma, wadda famfo ba ya bi. Sannan allurar ƙwayoyi a jijiya ta tsallake duk matakan da ciwo ke bi kafin ya yaɗu. A jikin ɓeran babu uwar ƙari a hanji ko a ƙashi da za ta ci gaba da aiko sababbi, babu tsiro a hanta da zai kashe shi ko da huhu ya warke.

A ganina ɓeran bai yi ƙarya ba. An yi masa tambaya mai sauƙi, ya ba da amsa daidai, aka ɗauki amsar aka ɗora wa tambaya mai wuya. Abin da gwajin ɓera ya fi kama da shi ba ƙaton ƙari ba ne, ɓoyayyen tsiron nan ne da ke saura bayan tiyata. Da likitoci suka gane haka sai suka daina neman narkar da manyan ƙari, suka koma haɗa dabarar da yankewa.

Ina amfanin alade, tunda ba a dasa masa ciwon?

Alade mai nauyin kilo 30 zuwa 40 yana da ƙirji da jijiyoyi da suka kusa na mutum, don haka famfo da bututu da injin numfashin da za a kai ɗakin tiyata su ake gwadawa a kansa. Daga alade ake sanin gudun ruwan da ya dace, da matsin da zai sa ruwa ya tsattsafo cikin jakunkunan iska, da yawan maganin da ke yoyo zuwa sauran jiki, da ko gara a hura huhun ko a bar shi a saɓe yayin aikin. Masu bincike a Lausanne ta Siwizalan, tare da Hans-Beat Ris, sun yi amfani da aladu wajen kwatanta hanyoyi daban-daban na kai doksorubisin. Wani abu da manyan dabbobi suka tona shi ne magani ba ya rabuwa daidai a cikin huhu: wani sashe ya sha da yawa, wani kaɗan. A ɗan huhun ɓera wannan ba ya fitowa sosai, a huhun mutum kuwa yana iya zama bambanci tsakanin tsiron da ya mutu da wanda ya tsira.

Me masu binciken Toronto suka canza?

Sun shigo ta wata ƙofar. A Babban Asibitin Toronto na Kanada, Shaf Keshavjee da Marcelo Cypel sun riga sun ƙware wajen riƙe huhun da za a dasa wa wani a wajen jiki na awoyi, suna zagaya masa wani ruwa na musamman mai suna Steen, cikin gudu kaɗan da matsi kaɗan da numfashi mai taushi. Sakamakon wannan aiki a majinyatan dashe ya fito a 2011. Sai suka ce tunda huhu yana jure haka a kan tebur, me zai hana ya jure a cikin ƙirji? A aladu suka nuna ana iya zagaya ruwan awa huɗu ba tare da huhun ya lalace ba, sannan suka ƙara doksorubisin, daga baya oksalifilatin don ciwon dajin hanji. Sun kuma gyara wani rauni na tsofaffin gwaje-gwaje, inda ake kashe dabbar awoyi kaɗan bayan aikin: illar magani a huhu takan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko biyu, don haka suka riƙa barin aladun su farfaɗo ana lura da su har awa 72. Sun kuma shiga gwajin matakin farko, wato na duba iyakar maganin da jiki zai jure, a majinyata masu sakoma.

Ɗumama ruwan yana ƙara amfani?

Zafi yana ƙara wa wasu magunguna ƙarfi, melfalan da sisfilatin na ciki, kuma a ƙafa da hannu ana amfani da shi. Huhu bai kai su juriya ba. A gwajin matakin farko da Hendriks ya wallafa a 2004, melfalan miligiram 60 ya jawo kumburin huhu mai tsanani ko da a zafin digiri 37. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka tsaya a miligiram 45 da digiri 37, wato zafin jiki na yau da kullum.

Dole ne sai an buɗe ƙirji?

Wannan shi ne babban cikas ɗin dabarar: aiki ne babba, kuma da wuya a maimaita shi, alhali maganin ciwon daji a zagaye-zagaye aka saba bayarwa. Shi ya sa aka gwada hanyar zura dogon bututu ta jijiyar cinya ko wuya har zuwa jijiyar huhu, a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa ya tare jini, a zuba maganin a bar shi ya zauna mintuna kaɗan. An gwada wannan a ɓera da alade, kuma huhu ya sha magani fiye da na allurar jijiya. Sai dai tunda ba a toshe hanyar fita ba, da zarar an saki balan-balan ɗin sauran maganin jiki zai shiga. A Frankfurt ta Jamus, Thomas Vogl ya bi wata hanyar mai kama da ita a majinyata, inda ake haɗa maganin da abin da zai toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini.

Akwai dabbar da za ta haɗa girman alade da ciwon ɓera?

Ita ake nema. Zomo yana ɗaukar wani ƙari mai suna VX2 wanda ke tsira a huhu, kuma ya fi ɓera girma, amma bai kai a gwada kayan aikin mutum a kansa ba. Manyan karnukan gida suna kamuwa da ciwon dajin ƙashi da kansu, ba dasawa ba, kuma kamar a yara da matasa, huhu yake fara nufa. Ta fuskar kama da ciwon mutum babu kamarsu, sai dai su majinyata ne masu iyayen gida, ba dabbobin ɗakin gwaji ba, kuma ba a tara su rukuni-rukuni a rana ɗaya. A Jami'ar Illinois kuma an samar da alade da aka sauya wa gado, aka ba da rahotonsa a 2015, wanda ake iya tayar masa da ƙari a gaɓar da aka zaɓa ta hanyar kunna gurɓatattun ƙwayoyin gado biyu, KRAS da TP53.

Ina batun haƙƙin dabbobin?

Buɗe ƙirji aiki ne mai ciwo, kuma ƙari a huhu yana ƙarewa ne da sarƙewar numfashi. Ƙa'idar da ake bi ta samo asali daga Russell da Burch a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma tace aikin don rage wahala. A Tarayyar Turai dokar 2010 ta wajabta neman izini kafin kowane gwaji. A aikace wannan na nufin maganin barci da na kashe zafi, da ƙayyade tun farko alamomin da idan an gani za a dakatar da gwajin, kamar ramewa ko wahalar numfashi, maimakon a jira dabbar ta mutu da kanta. Amfani da huhun dama a matsayin ma'auni shi ma yana rage yawan ɓerayen da ake buƙata.

Majinyaci zai iya neman a yi masa wannan aiki yanzu?

A cikin gwaji kawai, a cibiyoyi ƙalilan. Mafi girman abin da aka yi a mutane shi ne gwaje-gwajen mataki na biyu na Beljiyam da Holan da melfalan haɗe da yanke ƙari: ɗaya mai majinyata 50 da aka wallafa a 2014, da wani mai 107 a 2019. Sun nuna ana iya yin aikin ba tare da mummunar illa ga huhu na dogon lokaci ba, kuma dawowar ciwon a huhun da aka zagaya wa magani ta yi ƙasa da abin da aka saba gani. Amma ba a raba majinyatan kashi biyu ta hanyar ƙuri'a aka kwatanta da waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai ba, kuma ciwon ya ci gaba da ɓullowa a ɗaya huhun ko a wasu gaɓoɓin. Wanda ciwonsa ya tsaya a huhu, ƙarin kuma mai yankuwa ne, kuma numfashinsa da zuciyarsa za su ɗauki babban aiki, shi ne irin wanda ake ɗauka a waɗannan gwaje-gwaje, kuma likitansa na ciwon daji ne zai duba ko akwai wanda ke karɓar mutane a lokacin.